Daga Riruwai Zuwa Teburin Mai Gyara

Likin dalma ya girmi wutar lantarki a Kano. Tun kafin Turawa su ci birnin a 1903, mutanen Riruwai, wadda ke ƙaramar hukumar Doguwa a yau, suna haƙo kuza su narke ta, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwa. Maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, sun daɗe da sanin sirrin haɗa ƙarfe biyu da wani na uku mai saurin narkewa. Da kamfanonin Turawa suka mamaye haƙar kuza a tsaunukan Jos, sai murhun gargajiya ya mutu, aka koma lodin kuzar a jirgin ƙasa zuwa Ingila, ta dawo mana a jikin gwangwani. Wannan gwangwanin masu sana'a suka riƙa yankawa suna likewa, suna fitar da fitilar aci-bal-bal da mazurari.

Rediyo ce ta sauya hannun sana'ar. BBC ta fara shirin Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, ƙaramar rediyo mai batir ta shiga kowane zaure. Abin da ya shiga zaure kuwa dole wata rana ya lalace, ya nemi mai gyara. Masana'antun Bompai, daga bisani na Sharada da Challawa, su ma sun horar da ɗimbin masu aikin lantarki. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da ƙarancin wuta suka rufe da yawa daga cikinsu, ƙwararrun suka watsu cikin unguwanni, kowa ya kafa teburinsa.

A gaban ɗaya daga cikinsu na durƙusa a Na'ibawa bayan na kammala digiri, dattijon da ya yi ƙuruciyarsa a wata masaƙa a Sharada. Darasinsa na farko gajere ne. "Ɗana," in ji shi, "mahaɗar za ka gasa, ba dalmar ba. In wuri ya yi zafi, ita za ta bi shi da kanta." Liki mai kyau yakan fito sumul yana ƙyalli, wanda ya dushe ya dunƙule kuwa, ko ya kama yau, gobe zai saki. A ganina babu littafin da ya fi wannan bayani.

Wayar da muke narkawa kashi 60 kuza ce, kashi 40 dalma, tana malala kafin zafi ya kai digiri 200. Tarayyar Turai ta taƙaita dalma a kayan lantarki tun 2006 saboda gubarta, gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. A kasuwar waya ta Farm Centre, wadda ta bunƙasa bayan zuwan salula a 2001, na sha ganin yaron shago ya riƙe wannan waya da haƙoransa don hannayensa biyu suna kan aiki, sannan ya ɗauki gurasa bai wanke hannu ba.