Katin bashi mai tukuici: Yadda yake aiki

Katin bashi kati ne da banki ke bai wa mutum ya yi sayayya da kuɗin bankin, ya biya daga baya. Ya bambanta da katin cire kuɗi da aka saba da shi a Najeriya, wanda ke ɗiba daga ajiyar mai shi.

Kamfanin Diners Club ne ya fito da katin farko da ya yi fice, a birnin New York a 1950. A 1958 Bank of America ya fitar da nasa, wanda ya koma Visa a 1976.

Nau'o'in tukuici

Gasar neman abokan hulɗa ta sa kamfanonin suka shiga ba da tukuici iri biyu.

Na farko shi ne mayar wa mai kati wani kaso na abin da ya kashe. Katin Discover ne ya yaɗa wannan salo a Amurka daga 1986, kuma yawanci kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ake mayarwa.

Na biyu kuwa maki ne da ake tarawa a musanya da tikitin jirgin sama ko ɗakin otal. A 1987 Citibank da kamfanin jiragen American Airlines suka fitar da irin wannan kati.

Akasarin kuɗin tukuicin na fitowa ne daga kamashon da ake cirewa daga mai shago a kowane ciniki. A Amurka yakan kai kimanin kashi 2 cikin ɗari, yayin da Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a kashi 0.3 a 2015. Shi ya sa tukuicin katunan Turai bai kai na Amurka ba.

Abin dubawa

Katin maki ya fi dacewa da mai yawan tafiye-tafiye, sai dai sau da yawa akwai kuɗin shekara. A 2025 American Express ya ƙara na katinsa na Platinum a Amurka zuwa dala 895. Haka kuma kamfani na iya rage darajar makin a duk lokacin da ya ga dama.

Wasu katunan kuma na cire har kashi 3 cikin ɗari a kan sayayya a ƙasashen waje.

Babban haɗarin shi ne kuɗin ruwa, wanda matsakaicinsa ya haura kashi 20 cikin ɗari a Amurka a 2023. Wanda ya kashe dala 1,000 zai samu tukuicin dala 20, amma idan ya bar bashin tsawon shekara, ruwan zai kai kimanin dala 200.

Matsayin shari'a

A zamanta na birnin Riyadh a 2000, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa bai halatta a yi amfani da katin da ke da sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mai shi ya ƙudiri biya kafin wa'adi.

Bankunan Musulunci a Malesiya da ƙasashen yankin Gulf na fitar da katunan da ake biyan ƙayyadadden ladan aiki a maimakon ruwa, kuma da dama daga cikinsu na ba da tukuici.