Kundin ƙarshen karatu na ɗalibar ungozoma

Kundin ƙarshen karatu, wanda ɗalibai suka fi sani da memuwar, ɗan bincike ne da ɗalibar ungozoma ke rubutawa a shekara ta uku bayan bakaloreya, kafin a ba ta shaidar lisansi. Takan zaɓi tambaya guda a wuri guda: zubar jini bayan haihuwa, jijjigar masu ciki, ko dalilin da ke sa mata jinkirta awon ciki. Wasu kan gudanar da shi a gidan haihuwa na Issaka Gazobi da ke Yamai, wasu a cibiyoyin kula da uwa da yaro na jihohi kamar Maradi da Damagaram.

Hanya biyu aka fi bi. Ko dai a koma ga rajistocin ɗakin haihuwa a ƙirga, ko a yi wa mata tambayoyi bayan an nemi yardarsu, ba tare da rubuta sunansu ba. Kowace na da tarkonta. Rajista ba ta san matar da ta haihu a gida ba. Tambayoyin kuma da Faransanci ake tsara su, alhali da Hausa ko Zabarmanci ake yin hirar. Idan fassarar ta karkace, alƙaluman ma sun karkace.

A ƙarshe ɗalibar takan kare aikinta gaban kwamitin malamai. Sashen shawarwari shi ne ya fi shafar ungozomomin da aka yi binciken a wurinsu, amma sau da yawa kundin a ɗakin karatu na makaranta yake tsayawa.