Kafin Asusun Waya, Akwai Ɗan Rakiya

Matasan da suka shigo aikin sa-kai a unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu suna yawan cewa kafin zuwansu ba wanda ya kula da masu ciwon daji. Wannan magana tana yi wa waɗanda suka tsufa a harkar ciwo, domin ba gaskiya ba ce. Ba wanda ke musun ƙoƙarinsu: suna tattaki a watan Oktoba, suna tara kuɗi ta WhatsApp cikin kwana biyu fiye da abin da masallaci ke tarawa a wata. Amma sun zo sun tarar da wani abu yana mutuwa, ba su ma tambayi sunansa ba. Shi ne rakiya, kuma a ganina ita gidan mai sankara ya fi buƙata.

Tun da layin dogo ya haɗa Fatakwal da Inugu a 1916, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932, fataken shanu suka riƙa gangarowa, kowa yana sauka wajen fatomansa. Fatoma yana cin la'ada, amma ciwon baƙo da mutuwarsa suna wuyansa. Idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, cikin yaransa yake ware mutum ɗaya, ya ɗauke masa aikin kara, ya ce: jinyar wane a hannunka take. Shi zai yanki kati, ya bi layi, ya yi tafinta tsakanin likita da majinyaci, ya kwana a barandar asibiti, ya riƙa kawo tuwo daga gidan maigida. Idan mace ce, uwargidan fatoma ko wata dattijuwa ke shiga ɗakin likita da ita, don ƙullutun mama ba abin da ake faɗa wa namiji ba ne. Karo-karon Juma'a yana biyo baya ne, a damƙa wa liman ko Sarkin Hausawa, shi kuma ya san wanda zai tambaya. Kada kuma a ɗauka mutanen nan jahilan ofis ne. Malam Umaru Altine fataucin shanu ya kawo shi daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Zangon da ya fitar da irinsa ba zai rasa mai iya magana da likita ba.

Abin da ya sa nake nacewa a kan wannan shi ne yanayin cutar kanta. Kemo zagaye-zagaye ake yinsa, galibi duk bayan mako uku, kuma kafin kowane zagaye sai an gwada jini. Gashi da na'ura kuwa kusan kullum ne, har makonni. Asibitin koyarwa na Jami'ar Najeriya ya tashi daga cikin Inugu ya koma Ituku-Ozalla a 2007, mai fitowa daga Anaca kuma yana da tafiyar kusan kilomita 100 kafin ma ya isa Inugu. Mai shayi ko ɗan gwari da matarsa ke kwance, ranar da ya bi ta asibiti ba cefane a gida. A zagaye na uku ko na huɗu, da gashin kai ya fara zuba, amai ya tsananta, sai dangi su ce maganin ne ke kashe ta. Idan babu tsayayyen mutum da zai ce likita ya riga ya faɗa haka za a yi, a nan jinya ke yankewa, ko da kuɗi na nan a asusu.

Za a ce tsohon tsarin shi ne ya riƙa loda majinyata a tirela a mayar da su Arewa su mutu, bayan an ɓata watanni wajen masu magani. Haka ne, an yi, kuma an yi asarar rayukan da da an ceto. Sai dai laifin ƙarancin sani ne da ƙarancin kayan aiki. Mutumin da ya san a Shika ko Sakkwato akwai na'urar gashi, ga dangi kusa, ba wauta ya yi ba da ya nufi gida. Ɗan rakiyan da aka koya masa alamomin sankarar mama da ta bakin mahaifa, shi ne zai fara hana wannan jinkiri. Za a kuma ce ai kuɗi ne gaba da komai, tunda magani ya fi ƙarfin talaka. To, gwamnatin tarayya ta kafa asusun tallafa wa masu ciwon daji, asibitin Ituku-Ozalla na cikin shida na farko da aka fara da su. Amma sai an cike takardu da Turanci, an bi ofis-ofis, an koma an sake komawa. Wa zai yi wa matar ɗan ga-ruwa wannan zirga-zirga?

Rakiya ba da kanta ta mutu ba. Rikicin Anaca na Fabrairun 2006 ya watsa gidajen da suka daɗe suna sauke baƙi, na Oyigbo a 2020 ya ƙara, bayan tsohon tabon rikicin 1966. Waya da tura kuɗi ta banki kuma suka sa ɗan kasuwa ba ya buƙatar fatoma kamar da, sai alhakin ya rasa wuyan hawa. Ba za a dawo da fatoma ba, amma aikinsa yana ɗaukuwa. Kowane masallacin Juma'a, daga titin Bida a Anaca zuwa Garki a Inugu, zai iya ware mutum biyu, namiji da mace, a rubuta sunan kowane majinyaci da ranar komawarsa asibiti, kuma daga kuɗin da matasan nan ke tarawa a fara fitar da kuɗin motar ɗan rakiya da na cefanen gidansa kafin a buga rigar tattaki ko ɗaya.