Ina Za Mu Ajiye Garmar Kakanninmu?

'Yan'uwa 'yan Furana mazauna Kaduna, Kano, Abuja da Ikko, Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Mu da muka ƙare rayuwarmu da alli a hannu, abin da muke gani idan mun waiwaya yana tayar mana da hankali: kayan da iyayenmu suka rayu da su suna salwanta a kan idonmu.

A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, mun tashi mun tarar da doki yana zagaya injin matse rake ana dafa mazarƙwaila. Mun ga masaƙi da ƙoshiyarsa, maƙeri da zugazuginsa, tsohuwa da mazarinta. Mun kashe anini da sisi da sule kafin zuwan naira a 1973. Mun riƙe katin haraji har gwamnatin Balarabe Musa ta soke shi tare da jangali a 1979. Yau kuwa idan dattijo ya rasu, sai magada su sayar wa 'yan gwangwan ƙarafansa a kan sikeli, takardunsa kuma gara ta cinye.

Ba mu ne farkon waɗanda suka fuskanci wannan asara ba, kuma waɗanda suka riga mu sun nuna hanyar magance ta. A Sakkwato, Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya shafe shekaru yana tattara rubuce-rubucen magabata, shi ya sa gidan adana tarihin jihar yake ɗauke da sunansa. A Jos, ƙoƙarin Bernard Fagg na tattara gumakan Nok da masu haƙar kuza suke tonowa ne ya kai ga buɗe gidan tarihi a 1952. A Kaduna, gidan da Sardauna ya zauna ya zama cibiyar tarihi ta Arewa House a 1970, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. Kowanne daga cikinsu ya faro ne daga mutumin da ya ƙi yarda a zubar da tsohon abu.

Saboda haka roƙonmu na farko mai sauƙi ne. Wanda yake Kaduna ya kai 'ya'yansa Arewa House. Wanda yake Kano ya shiga da su Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, ginin da ake danganta asalinsa da zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da makaman yaƙi. Mun sha gani a aji: yaron da ya ga abu da idonsa ba ya mantawa, wanda aka karanta wa kuwa da ƙyar yake kai shi jarrabawa.

Roƙo na biyu ga ƙungiyarmu yake. A samo ɗaki ɗaya a gida, mai rufin da ba ya yoyo da ƙofa mai kwaɗo. Mu tsofaffin malamai a shirye muke mu riƙa buɗe shi ba tare da albashi ba. Kowane kaya a rubuta shi a rajista: sunan gidan da ya bayar, amfaninsa da wanda ya yi aiki da shi, domin garmar da ba a san mai ita ba ƙarfe ce kawai. Matasa kuma su ɗauki muryoyin dattawa da wayoyinsu tun suna raye, a ji yadda aka kafa unguwanni da inda kowane gida ya fito.

Naku shi ne kuɗin katako da gilashi da maganin gara, da kuma ziyara duk lokacin da kuka zo Sallah. Kafin a rushe tsohon ɗakin mahaifinku a zuba bulo, ku duba abin da ke rataye a bango da abin da ke ƙasan adaka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.