Naubahar na Balkh da Asalin Gidan Baramika

Masu nazarin tarihin daular Abbasiyya sun san Baramika a matsayin waziran Haruna Rashid, amma ba kasafai ake bin asalinsu zuwa Naubahar ba, wato babban wurin bauta da ke wajen birnin Balkh, a arewacin Afganistan ta yau. Tambayar da wannan maƙala ke ɗauke da ita ita ce: wane addini ake yi a wannan gida?

Ibn Khallikan, a cikin Wafayatul A'ayan, ya ce Barmak Bamajuse ne mai hidimar gidan wuta. Mas'udi kuwa, a cikin Murujuz Zahab, ya lissafa Naubahar cikin gidajen da aka gina domin girmama taurari, ya jingina shi ga wata. Sai dai akwai hujjoji uku da suke nuna cewa gidan na mabiya Buda ne, waɗanda malamanmu suke kira Sumaniyya.

Hujja ta farko ita ce lugga. Asalin kalmar Naubahar shi ne "nawa bihara" a harshen Sanskirit, ma'anarta sabon gidan sufaye. Barmak ma laƙabi ne, daga "paramukha", wato shugaba, kuma gadonsa ake yi a gidansu.

Ta biyu ita ce shaidar wanda ya gani da ido. Malamin addinin Buda ɗan ƙasar Sin, Shuwanzang, ya ziyarci Balkh wajen shekarar 630, lokacin da Annabi (SAW) yake raye a Madina. Ya ambaci gidajen sufaye kimanin 100 da sufaye kimanin 3,000 a birnin. Ya kuma siffanta Naubahar a kudu maso yammacinsa, inda ake ajiye haƙori da tsintsiya da kaskon wanka waɗanda ake dangantawa ga Buda.

Ta uku tana cikin littattafanmu. Yaƙut al-Hamawi, a cikin Mu'ujamul Buldan, ya kawo cewa akwai gumaka a gidan, da ƙubba mai girma, da ɗakuna 360 na masu hidima, kuma sarakunan Sin da na Kabul suna zuwa ziyara. Majusawa ba sa kafa gumaka a gidajen wutarsu, sarakunan Sin kuma ba Majusawa ba ne. Ke nan siffar da Yaƙut ya kawo ta dace da abin da Shuwanzang ya gani. Da alama kuskuren ya samo asali ne daga yadda marubutan baya suka ɗauka cewa duk Bafarishen da ya gabaci Musulunci Bamajuse ne.

Wannan gyara yana taimakawa wajen fahimtar abin da ya biyo baya. Khalid ɗan Barmak ya shiga da'awar Abbasiyya, ya riƙe diwanin haraji a zamanin Saffah. Ɗansa Yahaya ya zama waziri a shekarar 170 ta Hijira (786), har zuwa faɗuwar gidan da kashe Ja'afar a 187 (803). Ibn Nadim ya ruwaito a cikin Fihrist cewa Yahaya ya aika mutum zuwa Indiya domin ya kawo magunguna, ya kuma rubuto masa bayanin addinansu. A ƙarƙashin kulawarsa ne likitocin Indiya irin su Manka da Ibn Dahan suka yi aiki a Bagadaza, aka kuma fassara littafin likitancin Sushruta. Gidan da ya gaji alaƙa da harshen Indiya da iliminta shi ne ya fi cancanta da buɗe wannan ƙofa.

Mai ziyarar Balkh a yau tudun ƙasa kawai zai tarar, irin su Tof-i Rustam da ake ganin ragowar ƙubbar ce. Darasin da ke nan ga ɗalibin tarihi shi ne auna riwaya da lugga, da shaidar zamani, da abin da ƙasa ta adana, ko da mai riwayar ya kai Ibn Khallikan daraja. Allah shi ne mafi sani.