A Wane Rukuni Za Mu Sa Shata?

A Daura aka binne Alhaji Mamman Shata a watan Yunin 1999, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Kabari ya samu wurinsa, amma a littattafan nazari har yau muna ja-in-ja kan inda za mu ajiye mai kabarin.

Tun da aka fara koyar da adabin Hausa a jami'o'in Zariya da Kano, manazarta suka raba waƙa gida biyu: ta baka da rubutacciya. Ta baka aka sake kasa ta, aka ce ga makaɗan fada, ga na jama'a, ga na sana'a, ga na maza. Rabon ya sauƙaƙa wa ɗalibi, sai dai mawaƙan ba su san da shi ba. Kalangu kiɗan mahauta ne, amma da shi Shata ya yi wa Sarkin Daura waƙa, da shi ya waƙe attajirai da direbobi da mata. Makaɗin fada ne ko na jama'a?

Bangaren rubutacciya ma ba a tsira ba. A 1975 Mervyn Hiskett ya fitar da littafinsa kan tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa, inda ya jingina tushensu ga Larabci, Farfesa Galadanci kuma ya auna su da ma'aunin aruli. Ɗalhatu Muhammad ya nuna cewa baka da rubutu sun daɗe suna aron juna. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da ka ya tsara Imfiraji wasu suka rubuta, almajirai suka yi ta rera ta a ƙofar gidaje, duk da haka muna kiran ta rubutacciya. Aƙilu Aliyu kuwa yakan ɗora baitocinsa a kan karin makaɗa, bai ga aibi ba.

Gardamar ta yi zafi ne domin suna yana ɗauke da daraja. Wanda aka kira marubuci yana zama a sahun malamai, wanda aka kira maroƙi ana iya hana shi auren 'yar mutane. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, wannan katangar ce ta tsage.

Mun sake ganin haka a shekarun 1990, da aka laƙaba wa littattafan matasa sunan Adabin Kasuwar Kano, marubutan suka ce raini ne. Yanzu kuma ga mawaƙan sutudiyo irin su Aminu Ala, masu rubuta waƙa da amsa-amo sannan su rera ta da fiyano. Mun jibge su a ƙarƙashin "waƙoƙin zamani", sunan da duk wani sabon abu ya taɓa amsawa.

Ba za mu daina raɗa suna ba, domin nazari ba ya yiwuwa sai da shi. Amma kafin mu raɗa wa yaran yau, mu tuna cewa rukunonin nan duka sun tarar da Shata yana waƙa.