Daga Umm Rakuba zuwa Bahar Maliya: Tarihin Ladan Direban Babbar Mota a Ƙasar Gadarif

Umm Rakuba ƙauye ne a kudancin jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, kusa da garin Doka, a gefen hanyar da ta tashi daga birnin Gadarif ta nufi Gallabat a kan iyakar Habasha. Kalmar rakuba a Larabcin Sudan tana nufin rumfar ciyawa, irin wadda matafiya ke fakewa a ƙarƙashinta idan rana ta take. Duniya ta san sunan ƙauyen ne saboda sansanin 'yan gudun hijira da ya karɓi Habashawan da yunwa da yaƙi suka koro a shekarun 1980, wanda aka sake buɗewa a watan Nuwamba na 2020 bayan ɓarkewar yaƙin Tigray, amma ga mutanen yankin, ƙasa ce ta noman dawa da riɗi wadda arzikinta ba ya isa kasuwa sai a bayan babbar mota.

Hausawa da Fulani, waɗanda ake kira Fallata ko Takari a Sudan, sun riga mota isa wannan ƙasa, domin ɗaruruwan shekaru mahajjatan Afirka ta Yamma suka yi suna ratsa ta a ƙasa ko a kan jakai, suna yada zango su yi noma ko ƙwadago har guzuri ya taru. Ƙaurar ta yi ƙarfi bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sennar. Daga irin waɗannan matsugunai ne zuriyarsu ta bazu zuwa gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925, da kuma filayen Gadarif.

Jirgin ƙasa ya isa Gadarif a 1928, sai dai abin da ya haifar da sana'ar tuƙin nesa shi ne noman tarakta, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta fara gwadawa a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, kuma ya bunƙasa bayan kafa hukumar noman inji a 1968. An riƙa yanka gonaki masu faɗin fadan 1,000 ko fiye, fadan kuwa ma'aunin fili ne da ya ɗara eka ɗaya kaɗan, kuma tun da dogo ba ya shiga gona, dole mota ta kwaso buhuna daga daji zuwa kasuwar amfanin gona ta Gadarif, inda ake gwanjon riɗi a kan ƙindari, wato nauyin kimanin kilo 45. Masanin zamantakewa Mark Duffield, wanda ya zauna a Mai Wurno a shekarun 1970 ya kuma wallafa littafinsa a kan garin a 1981, ya nuna yadda noman kasuwa da fatauci da mallakar manyan motoci suka sauya zaman jikokin masu hijirar.

Motar da ta mamaye waɗannan hanyoyi ita ce Bedford ƙirar Ingila, wadda makanikan Sudan suka riƙa warwarewa suna ƙarfafa ƙashin bayanta da ƙafafunta domin ta ɗauki kaya fiye da yadda masana'anta ta tsara, suka kuma laƙaba mata suna sifinja, wato silifas ɗin roba, saboda laushin tafiyarta a kan gargada. Babu mai hawa kujerarta kai tsaye. Matashi yana farawa ne a matsayin musa'id, wanda shi ne yaron mota a bakin Hausawa, aikinsa kuwa ya haɗa da ɗaure lodi da igiya, da zuba ruwa a lagireto, da facin taya, da dafa shayi da abinci a zango, da dirowa daga mota da katako a hannu domin ya tare taya idan ta tsaya a hawa. Ladansa a wannan mataki bai wuce ci da sha da ɗan abin da maigidansa ya miƙa masa ba, ribarsa ta gaskiya ita ce ilimin hanya da na inji, wanda yakan ɗauki shekaru kafin wani mai mota ya yarda ya damƙa masa makulli.

A nan ne tsarin Gadarif ya sha bamban da na Amurka, inda akasarin kamfanoni ke biyan direban nesa a kan kowane mil da ya yi, doka kuma ta taƙaita tuƙinsa ga awa 11 kafin ya huta, ta yadda sabon direba zai iya lissafa abin da mako zai kawo masa. A gabashin Sudan ma'aunin aiki shi ne sawu, wato zuwa da dawowa, kuma abin da direba ke samu yakan taru ne daga albashin da suka daidaita da mai mota, da kuɗin guzurin hanya, da abin da fasinjojin da ke zaune a kan buhuna suka biya. Dalilin haka yana cikin ƙasar kanta, domin baƙar laka ce mai tsagewa da rani, wadda idan ta sha ruwa tsakanin Yuni da Oktoba takan riƙe taya har mota ta kwana a wuri guda, don haka tafiyar sa'a uku da rani tana iya zama ta kwana uku da damina. Da kaka kuwa, daga yankan riɗi a Oktoba zuwa girbin dawa a Disamba da Janairu, direba ba ya samun barcin kirki, kuma da abin da ya tara a waɗannan watanni yake cin sauran shekara.

Kwalta ta rage wannan wahala ba tare da ta kawar da ita ba. Sinawa sun gina sashen da ya haɗa Wad Madani da Gadarif a shekarun 1970, aka kammala babban titin Khartoum zuwa Fot Sudan a 1980, mai tsawon kusan kilomita 1,200, abin da ya janye kaya daga dogo zuwa tireloli. Daga Gadarif zuwa tashar jiragen ruwa ta Fot Sudan da ke bakin Bahar Maliya kusan kilomita 800 ne ta Kassala da Haiya, wanda ke nufin sawu ɗaya ya kai kimanin 1,600, amma kwanakin da zai ci sun dogara ne ga layin lodi, da layin man gas, da shingayen haraji, da jiran kayan dawowa. A watan Satumba na 2021, lokacin da masu zanga-zanga daga ƙabilar Beja suka toshe titin na tsawon makonni, motoci sun yi cirko-cirko da kayansu, a shekarar da gwamnati ta janye tallafin mai kuma hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari, ta yadda albashin da aka yanka a farkon shekara ya zama ba ya sayen komai a ƙarshenta.

Yaƙin basasar Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, da faɗuwar Wad Madani a Disamban shekarar, sun mayar da Gadarif mahaɗar kayan agaji da na kasuwa tsakanin teku da cikin ƙasa, suka kuma ƙara wa direba haɗari a kan wahalar da ya saba. Duk da sauyin motoci da na gwamnatoci, sabon direba a Umm Rakuba yana auna makomarsa da abubuwan da magabatansa suka auna tasu, wato kyawun damina, da amanar mai mota, da yawan sawun da hanya ta bari ya yi kafin ruwan farko ya sauka.